Tambaya da Amsa: Koci, Me Ya Sa Hannuna Ke Mutuwa In Na Kusa Cin Wasa?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan karon saƙonnin da suka taru a kan tanis kusan duk waje ɗaya suka dosa, babu mai tambayar irin raket ɗin da ya dace da shi ko yadda ake murza ƙwallo, kowa kukan zuciyarsa yake, wani tsoro ke cin sa, wani fushi, wani kuma ya ce in ya sha kashi barci ma gagararsa yake. Na zaɓo guda shida, na ɗan rage tsawon wasu sabida fili, sunaye kuma na ɓoye kamar yadda muka saba. Ga wanda baƙo ne a wasan, maki ake tarawa a ci gem, a tara gem a ci set, a tara set a ci wasa, sabis kuwa shi ne bugun da ake fara kowane maki da shi.

TAMBAYA: Salam Koci. Dan Allah ina da wata matsala da ta ishe ni wallahi. Shekarata 17, shekara biyar kenan ina buga tanis, a tirenin ba wanda nake shakka amma da an ce gasa ce, musamman in na shiga gaba, sai komai ya dagule. Satin da ya wuce ina gaba 5-2 a set na ƙarshe kuma ni ne da sabis, kawai sai naji hannuna yayi nauyi kaman ba nawa ba, ƙwallo in bata shiga raga ba ta fice waje, ina ji ina gani aka cinye ni 7-5. Abokaina sunce wai bani da zuciya ne. Shin haka aka halicce ni ko akwai magani? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Maganar abokanka fara cire ta a ranka, mara zuciya ai ba zai kai 5-2 a set na ƙarshe ba tun farko. Abin da ya same ka ya samu waɗanda suka fi ka nesa ba kusa ba.

A fainal ɗin Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, na 1993 Jana Novotna 'yar ƙasar Cek tana gaban Steffi Graf 4-1 a set na uku, ita ce da sabis, ana 40-30, maki ɗaya tak ya rage mata ta kai 5-1. Sai ta zubar da sabis biyu a jere, na farko da na biyu duk ba su shiga ba, makin ya tafi. Daga nan ba ta ƙara cin gem ko ɗaya ba, Graf ta share biyar a jere ta ɗauki kofi, wajen ba da kyauta Novotna ta kasa daurewa ta kifa kai a kafaɗar gimbiyar Kent ta gidan sarautar Ingila tana kuka duniya na kallo. Ta sake zuwa fainal a 1997 Martina Hingis ta doke ta. A 1998 ta koma karo na uku tana da shekara 29, ta ɗaga kofin da hannun nan dai da ya mutu mata shekara biyar baya. Da halitta ce ai da ba ta ɗaga ba.

To bari in gaya maka abin da ya samu hannunka. Lokacin da ake 2-2 ko 3-2 ƙwallo kake kallo. Kana kaiwa 5-2 sai hankalinka ya bar ƙwallo ya yi gaba, ka fara hango kanka kana miƙa hannu a bakin raga, kana tunanin wa za ka fara yi wa albishir, can ƙasan rai kuma wani abu na ce maka kar fa ka zubar, in ka zubar me mutane za su ce. Shi jiki bai san bambancin wannan fargabar da ta ganin zaki ba, sai ya sako sinadarin adrenalin, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya maƙale a ƙirji, ka damƙe raket kamar za a ƙwace maka, ƙafafu su daina 'yan ƙananan takun nan da ke kai ka daidai gindin ƙwallo. Abin da ya fi ɓarna ma, bugun da hannunka ya haddace shekara biyar yana yi ba tare da ya tambaye ka ba, yau ka ce sai ka tsaya a kansa kana ba shi oda, ɗaga nan, lanƙwasa can. Ka ce wa mai saukowa daga bene a guje ya riƙa lura da yadda yake ajiye kowace ƙafa mana ka gani, ai mirginowa zai yi. Sai ka koma tura ƙwallo a hankali kana jiran abokin karawarka ya yi kuskure ya ba ka a ɓagas, shi kuwa ya riga ya fid da rai, ba shi da abin asara, hannunsa ya sake yana ta duka son ransa.

Ga shi kuma tanis wasa ne mara agogo. A ƙwallon ƙafa in kuna gaba da ci biyu saura minti biyar kuna iya tare gida ku ci lokaci har a hura usur, nan kuwa babu mai hura maka usur, makin ƙarshe dole da hannunka za ka ciwo shi, shi ya sa gem ɗin rufe wasa ya fi kowane gem nauyi.

Akwai wani lissafi da nake so ka riƙe. Roger Federer ya faɗa a jawabin da ya yi wa masu kammala karatu a jami'ar Dartmouth ta Amurka a 2024, cewa cikin wasanni 1,526 da ya buga na mutum ɗaiɗai ya ci kusan kashi 80 cikin 100, amma a maki kashi 54 kacal ya ci. Duba fa, mutumin da ya ɗaga manyan kofuna 20, wato na manyan gasa huɗu na duniya irin su Wimbledon, kusan duk maki biyu sai ɗaya ya kuɓuce masa. Kai kuwa da ka zubar da maki biyu a 5-2 ka ɗauka gini ne ya fara rushewa, alhali haka wasan yake tun asali. Zaman makokin makin da ya wuce shi ya ci maka uku na gabansa.

Doka ta ba ka daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, da daƙiƙa 90 in za a sauya gefe. In ka lissafa wasa gaba ɗayansa za ka ga lokacin da ƙwallo ke yawo kaɗan ne, yawancin lokacin kana tsaye ne daga kai sai tunaninka, kuma ni a wurina duk abin da ake kira ƙarfin zuciya a tanis cikin wannan daƙiƙa 25 ɗin yake zaune. Akwai wata yarinya da na horar mai irin ciwonka sak. Na lura in ta shiga gaba sauri take yi, ko daƙiƙa goma ba ta cikawa ta sake cilla ƙwallo sama, kamar mai son ta tsere daga filin kafin wani abu ya faru. Abin da muka yi ba wani siddabaru ba ne. Maki na ƙarewa, ta ci ko an ci ta, sai ta juya wa raga baya, ta mayar da raket hannun hagu don na dama ya huta, ta taka can baya tana gyara zaren raket da yatsu, idonta a kansa ba a kan 'yan kallo ba, ta ja numfashi ta hanci ta sauke shi sannu a hankali ya fi shigarsa tsawo, sabida doguwar saukar numfashi ita ke rage gudun zuciya. Kafin ta taka layi kuma ta yanke abu ɗaya tak, misali sabis zuwa hagun abokiyar karawa, ƙwallo ta gaba can ɗaya kusurwar. Sannan ta buga ƙwallo a ƙasa sau huɗu, a 0-0 huɗu, a 5-2 ma huɗu. Ranar da ta fara rufe wasa da sabis ɗinta ina tsaye a bakin shingen fili ina ganin yatsunta na rawa a kan zaren raket, tsoron na nan bai je ko'ina ba, amma ta yi huɗun nan ta daki ƙwallo da ƙarfinta.

Sai dai fa ba a fafe gora ranar tafiya. A tirenin ka riƙa fara set daga 5-2 kai da sabis, ko daga 4-4 ana 30-30, ku sa wani ɗan hukunci ga wanda ya faɗi ko da tsince ƙwallayen fili ne, ka kira abokan naka masu cewa ba ka da zuciya su zauna su zuba maka ido. Yanayin da ka shiga sau ɗari ba zai ruɗa ka kamar wanda ka shiga sau biyu ba.

Kuma in ka sake zubarwa wasa bai ƙare ba. Rafael Nadal a fainal ɗin Australian Open na 2022 an ci shi set biyu na farko, a na uku yana baya 2-3 ana 0-40 a sabis ɗinsa, maki ɗaya ya rage a ƙwace masa gem ɗin, ya farfaɗo har ya kai 5-4 a set na biyar shi ne da sabis yana gaba 30-0, sai Daniil Medvedev ya ƙwace gem ɗin aka koma 5-5. Nadal guda, yana da shekara 35, ya kasa rufe wasa. Gem na gaba ya ƙwace sabis ɗin Medvedev, ya rufe da 7-5 bayan awa 5 da minti 24. Kai ma da aka dawo 5-5 ɗin nan kunnen doki kuke, kai ne kawai ka ɗauka an gama.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, yarona shekararsa 13 kuma kowa na cewa yana da baiwa, amma zuciyarsa a kusa take. A wata uku raket biyu ya karya, in yayi kuskure sai ihu da zagin kansa wani lokacin har kuka a cikin fili mutane na kallo, ni kunya ma ta sa na daina zuwa kallon wasansa. Babansa yace a cire shi kawai a huta, ni kuma ina ganin yana son wasan har ransa. Ya zanyi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kar a cire shi, amma kar a zuba masa ido haka nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bjorn Borg na ƙasar Suwidin, wanda duniya ta yi wa laƙabi da mutumin ƙanƙara sabida ba a ganin komai a fuskarsa, yana yaro kusan sa'an ɗanki jifa da raket yake yana zage-zage, har kulob ɗinsu ya dakatar da shi wata shida. Da ya dawo ya kulle bakinsa. Shi ne ya ci Wimbledon sau biyar a jere daga 1976 zuwa 1980, kuma a fainal ɗin 1980 sau bakwai yana samun makin ɗaukar kofi a set na huɗu John McEnroe na hana shi, aka yi taibirek, wato bugun raba gardama, McEnroe ya ci 18-16. Wani da nan zai zube. Borg ya koma ya tsaya a layi kamar ba a yi komai ba ya ci set na biyar 8-6. Federer ma yana ƙarami kuka da jifa da raket ba baƙonsa ba ne. Nadal kuwa kawunsa Toni, ƙanin babansa da ya horar da shi tun yana ɗan mitsitsi, ya kafa masa doka cewa raket ba abin jifa ba ne don akwai yara da yawa da ke mafarkin samun guda ɗaya ba su samu ba, kuma har ya yi ritaya a 2024 ba a san shi da karya raket a fili ba.

Abin da zan ce ki yi, ku raba masa abu biyu. Jin haushi ba laifi ba ne, kuka ma a shekara 13 ba abin kunya ba ne, yaron da bai damu da wasa ba ai ba zai yi masa kuka ba. Jifa da raket da zagi su ne laifi. Ku zauna ku uku da babansa a ranar da babu wasa, hankali kwance, ku sanar da kocinsa, a yi yarjejeniya cewa duk ranar da raket ya bar hannunsa da gangan wasan ranar ya ƙare ko da shi ne a gaba 5-0, ba tsawa ba dogon wa'azi, a tattara kaya a tafi. In ya karya kuma kar a yi saurin kawo sabo, ya ɗan yi kwanaki yana kallon wasu na bugawa. Sau ɗaya ko biyu za a yi haka da gaske ki ga bambanci, amma in kuka yi barazana ba ku cika ba to kun koya masa cewa magana ce kawai. Ya kuma san cewa a gasar da ke da alƙali doka ba ta lallashi, na farko gargaɗi, na biyu a ba abokin karawa maki, na uku gem sukutum, daga nan ana iya kora.

Amma akwai kalma ɗaya a wasiƙarki da ta tsaya min a rai, inda kika ce kowa na cewa yana da baiwa. Hajiya wannan yabon kaya ne mai nauyi a kan ɗan shekara 13. Yaron da kullum ake ce masa mai baiwa, duk ƙwallon da ya zubar gani yake asirinsa ne ke tonuwa, za a gane ashe ba shi da ita, to fushin nan da kike gani yawanci tsoro ne a ƙarƙashinsa. Ku koma yaba masa abin da ke hannunsa, yadda ya bi ƙwallon da kowa ya ɗauka ta wuce, yadda ya haɗiye haushi a gem kaza ya ci gaba. In an tashi wasa kar tambayar farko ta zama ka ci ko an ci ka, a hanyar komawa ma a bar maganar wasa sai in shi ya ɗauko ta.

Dan Allah kuma ki koma kallonsa. Ke kunya ce ta hana ki, shi kuwa abin da zai karanta shi ne Mama ta daina zuwa don ba na ci. Ki zauna inda zai gan ki, in ya zubar da maki ya waigo, don zai waigo, ya tarar da fuskarki yadda ya bar ta.

TAMBAYA: Malam ni dai ban yarda da wannan wa'azin natsuwar da kuke yi ba. Tun zamanin McEnroe nake kallon tanis, fushin nan shi ne man fetur ɗinsa, Djokovic ma ihu yake har riga yana yagawa kuma a maza ba wanda ya kai shi manyan kofuna. Ba kwa ganin kuna kashe wa yara wutar cikinsu? Daga wani dattijo mai son wasan.

AMSA: Yallaɓai ka faɗi gaskiya ta wani gefen, kuma ni ma ba na son ɗan wasa mai sanyin jiki da ko an ci shi ko ya ci duk ɗaya. Wanda ya yi ihu ɗaya ya fitar da abin da ke cinsa ya dawo kan layi hankalinsa a jikinsa ba ni da ja da shi. Ma'aunina ɗaya ne, a duba maki uku da suka biyo bayan ihun. In ya buga su da kyau to wutar tasa ce, in ya zubar da su to ita ke riƙe da shi.

Tunda ka kawo McEnroe, ka tuna 1984, shekarar da ya ci wasa 82 aka ci shi 3 kacal. Ɗaya cikin ukun nan fainal ɗin Roland Garros ne a Faris, yana gaban Ivan Lendl da set biyu, a na uku ƙarar da ke fita daga abin kunnen wani mai ɗaukar hoto ta dame shi ya je ya daka tsawa a ciki, Lendl ya farfaɗo ya kwashe set uku a jere, kuma har McEnroe ya bar wasa bai ɗaga wannan kofin ba. A Australian Open na 1990 kuma korarsa aka yi ana tsakiyar wasa da Mikael Pernfors alhali shi ne a gaba. Goran Ivanisevic a 2000 a garin Brighton na Ingila raket uku ya farfasa, ya duba jaka babu saura, dole ya bar wa abokin karawarsa wasan.

Shi Djokovic da ka ambata, abin da ya ba shi kofuna 24 ka neme shi a fainal ɗin Wimbledon na 2019. Federer na da sabis a 8-7 set na biyar, 40-15, maki biyu na ɗaukar kofi, kusan duk filin Federer suke yi wa tafi, Djokovic ya tsare biyun, ya ci 13-12 bayan awa 4 da minti 57. A ranar Federer ya fi shi yawan maki, 218 da 204, amma taibirek uku aka yi duk Djokovic ya cinye, kuma kusan duk wasan ba ka jin bakinsa. Shekara ɗaya bayan nan a US Open na 2020, bai sha kashi ko sau ɗaya ba a shekarar, Pablo Carreno Busta ya ƙwace masa sabis, cikin haushi ya make ƙwallo baya ba tare da ya duba ba ta samu wata mai duba layi a maƙogwaro, nan take aka kore shi daga gasar. Mutum ɗaya ne fa Yallaɓai, ka ga abin da kowace ranar ta ba shi.

TAMBAYA: Koci barka da aiki. Ni matsalata sabis na biyu ne, da zarar na farko bai shiga ba sai gabana ya faɗi, a wasa ɗaya ina iya zubar da sabis biyu-biyu sau goma ko fiye. Nayi numfashin, nayi maganar ƙarfafa kai, duk a banza. Anya ba kaina bane ya samu matsala? Daga wata 'yar wasa, shekara 21.

AMSA: Ƙanwata kafin ki ɗora wa kanki laifi a fara duba hannun. Ba kowace fargaba ce daga zuciya take tasowa ba, wani lokacin zuciyar gaskiya take gaya miki, ta san sabis ɗin ba shi da madogara. Yawancin masu irin kukanki in na tsaya na kalla sai in ga sabis ɗinsu na biyu na farkon ne dai aka rage masa ƙarfi, ƙwallo miƙe ba murzawa, to irin wannan tazarar da ke tsakanin ya taɓa raga da ya wuce layi 'yar kaɗan ce, hannu na ɗan ƙagewa shi kenan. Sabis na biyu na gaskiya ana murza ƙwallo ne ta haye raga da tsayi sannan ta sunkuyo cikin akwati, kuma da saurin hannu ake yin sa, rage gudun raket shi ke kashe shi.

Aryna Sabalenka a 2022 ta zubar da sabis biyu-biyu sama da sau 400 a shekara ɗaya, a farkon shekarar a Adelaide har ta ƙasa ta koma yin sabis tana hawaye a fili, kowa na cewa matsalar kai ce. Sai ta nemo masanin motsin gaɓoɓin jiki, Gavin MacMillan, suka warware sabis ɗin suka sake ɗinka shi. Janairun 2023 ta kai fainal ɗin Australian Open da Elena Rybakina, makin farko na wasan ta zubar da biyu, makinta na farko na ɗaukar kofi ma ta sake zubar da biyu, amma yanzu ta san abin da za ta gyara in ya karkace, a dama ta huɗu ta ɗauki kofin.

Ki sa a ɗauke ki bidiyo ta gefe da ta baya, ki duba ko ƙwallon da kike cillawa sama waje ɗaya take zuwa kullum, da ko kanki na sunkuyawa kafin raket ya taɓa ta. Sannan ki riƙa buga set a tirenin da sabis ɗaya tak, in bai shiga ba maki ya tafi. Makon farko za ki ji kamar ki bari, ki daure.

TAMBAYA: Malam a ƙananan gasa da ba alƙali wasu na cuta, ƙwallo ta faɗa kan layi ƙiri-ƙiri suce waje. Da an min haka sau ɗaya shikenan wasana ya lalace sai huci. Me zanyi?

AMSA: Ɗan'uwa a doka in babu alƙali kowa shi ke hukunci a gefensa, ƙwallon da ta taɓa layi ko da gefen gashinta ne ciki take, in mutum na shakka kuma dole ya bar wa abokin karawa. Na farko ka ɗauka kuskure ne, don ido na yaudara, kai ma kana yi ba ka sani ba. Na biyu ka tambaye shi da murya ƙasa ko ya tabbata. Na uku ka ajiye raket ka je ka kira jami'in gasa ya tsaya muku, haƙƙinka ne, kuma kar ka rama da irin tasa. Shi macuci maki ɗaya ya sata, sauran da kake zubarwa kana huci kai ka ba shi kyauta, kuma da yawansu ma abin da suke nema kenan. Ka ɗan jawo bugunka ciki da layi kamar taku ɗaya ka ga inda zai samu abin cewa waje.

TAMBAYA: Koci ni in aka ci ni wasa sai inyi kwana uku ko huɗu bana barci, ina ta maimaita makin da na zubar a kaina, bana son ganin kowa, kwanan nan ma tun daren wasa ƙirjina ke bugawa kaman zai fashe har numfashi na min wuya. Wani yace in ga likitan ƙwaƙwalwa amma ina jin kunya kar ace na haukace ko ni rago ne. Daga wani matashi, shekara 24.

AMSA: Ƙanena wannan wasiƙar taka ita ta fi tsaya min a rai, shi ya sa na ajiye ta ƙarshe. Jin zafin faɗuwa na dare ɗaya ko biyu kowa na yi. Amma rashin barci na kwanaki, guje wa mutane, ƙirji na bugawa har numfashi na gagara, wannan ya wuce abin da koci zai gyara da juya wa raga baya. Wanda ya ba ka shawarar nan masoyinka ne. Ka je asibiti a fara duba lafiyar zuciyar ita kanta, sannan ka ga masanin halayyar ɗan Adam.

An ce faɗuwar gaba asarar namiji, kuma wannan maganar ta sa maza da yawa sun yi shiru suna cutuwa. Mardy Fish ɗan Amurka ya taɓa kaiwa na 7 a duniya, a US Open na 2012 zai kara da Federer a zagaye na huɗu ya janye sabida ciwon fargaba mai tsanani, daga baya ya fito ya yi bayani da bakinsa. Naomi Osaka ta janye daga Roland Garros a 2021 bayan an ci ta tarar dala 15,000 kan ƙin ganawa da 'yan jarida, ta ce tun 2018 take fama da ciwon damuwa. Iga Swiatek da ta ci Roland Garros a 2020 tana da shekara 19, a lokacin akwai masaniyar halayyar 'yan wasa Daria Abramowicz a cikin tawagarta kamar yadda koci yake ciki. Madison Keys ta sha kashi a fainal ɗin US Open na 2017, ba ta ɗaga babban kofi ba sai a Ostireliya a 2025 tana da shekara 29, kuma ta faɗa a fili cewa zaman da ta riƙa yi da mai ba da shawara ne ya sauke mata nauyin da ta ɗora wa kanta. Cikin waɗannan wa za ka kira rago?

Amanda Anisimova kuwa ajiye raket ta yi gaba ɗaya a 2023 na wasu watanni don lafiyar ƙwaƙwalwarta. Ta dawo, a Yulin 2025 ta kai fainal ɗin Wimbledon, Swiatek ta ci ta 6-0, 6-0 cikin minti 57, ko gem ɗaya ba ta samu ba a gaban duniya. Ba a cika wata biyu ba suka sake haɗuwa a kwata fainal na US Open, ta ce daren wasan ta zauna ta kalli bidiyon wancan kashin da ta sha don ta ga abin da za ta gyara, washegari ta ci Swiatek 6-4, 6-3.

Bambancin kallonta da maimaitawar da kake yi a gado shi ne ita ta kalla sau ɗaya da niyyar ɗaukar darasi, kai kuwa bulala kake yi wa kanka har asuba. Kafin ka samu ganin likita gwada wannan, in an tashi wasa ka bari jikinka ya huce, ka ɗauki biro da takarda ka rubuta abu biyu da ka yi daidai da abu ɗaya da za ka kai tirenin, ka ninke ka sa a jakar raket ka zuge. In tunanin ya dawo da dare ka ce masa an riga an rubuta, sai da safe. Gasa kuma ka ɗan dakata da ita na 'yan makonni, ka riƙa buga na nishaɗi da wanda kake sakewa da shi ba tare da ƙirga maki ba. Ka samu mutum ɗaya a gida ka gaya masa abin da ka gaya min, in ya yiwu shi zai raka ka asibitin, sannan dan Allah ka sake rubuto min in ji yadda barcin ya koma.